MOTARKA A KE AUNAWA, BA KAI BA

Jama'a, akwai wani ciniki da ya yi ƙarfi a unguwanninmu na kudancin kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har Barnawa, Nasarawa, Television da Sabon Tasha, wanda ya kamata mu tsaya mu duba shi da kyau tun bai cinye ɗan abin da ya rage a hannun talaka ba. Cinikin kuwa shi ne ba da rance a kan takardun mota. Sai a ce maka, kawo takardun motarka, ko na kekenka, ko na babur ɗinka, ka karɓi kuɗi yau yau, kuma ka ci gaba da hawan abinka. Magana ce mai zaƙi, ga wanda kuɗin makarantar yara ko na asibiti ya shaƙe wa wuya.

To, mu da aikinmu shi ne rubutu a ofis, mutane sukan kawo mana irin waɗannan takardu mu karanta musu, galibi bayan sun riga sun sa hannu. Mun karanta, mun sake karantawa, abin da muka gane kuwa shi ne wannan: duk sharuɗɗan da a ke gindaya wa mai neman rancen nan ba a shirya su don a san ko zai iya biya ba. An shirya su ne don a san ko motarsa za ta yi sauƙin ƙwacewa, ta yi saurin sayuwa. Wannan ita ce maganarmu ta wannan mako, kuma za mu kawo hujja.

YADDA MUKA SAMI KANMU A NAN

Yaran yanzu ba su san cewa Kakuri ta taɓa ciyar da rabin garin nan ba. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila suka buɗe masaƙar KTL. Bayanta aka yi UNTL, aka yi Arewa Textiles, aka yi waɗansu. A 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan Kakuri, har 504 ta zama motar gidan kowane babban ma'aikaci a Nijeriya. A wannan zamani mutum yana da albashin da ba ya saɓa rana. In buƙata ta taso yana da adashi, yana da ƙungiyar tsimi ta ma'aikata, mai kanti ma yakan ba shi kaya sai ƙarshen wata. Albashinsa shi ne jinginarsa.

Sa'an nan aka bar masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka mutu ba su gani ba. UNTL ta rufe a 2007. Shi kansa kamfanin motar da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2006, bashin bankuna ya danne shi, har hukumar AMCON mai karɓar munanan basussuka ta karɓe shi a 2012. Ku duba fa, gidan da ya ke haɗa motoci ma bashi ya ci shi, balle mai mota ɗaya tsohuwa.

Ina dubban ma'aikatan nan suka tafi? Wanda ya sami ɗan abin sallama ya sayi babur ya shiga acaɓa. A 2014 Gwamnatin Jiha ta hana acaɓa a cikin birnin Kaduna, aka koma Keke. Wani ya sayi tsohuwar mota yana jigila daga tashar Television zuwa Kaciya da Kafanchan, wani ya sayi ƙaramar bas yana haye gada da fasinja. Watau dai abin hawa ya zama shi ne gonar mutumin kudancin Kaduna, shi ne masaƙarsa, shi ne fanshonsa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. A daidai wannan lokaci ne, da ribar direba ta ƙafe, masu rance suka matso suna murmushi suna tambayar takardu.

SHARUƊƊAN, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Bari mu bi abin da a ke nema daga wanda ya je neman rancen nan a gidan da ya ke da rajista.

Na fari, takardar mallaka, kuma dole ta kasance da sunanka. Kowa ya san motar talaka ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare shi, kuma sau da yawa sunan wanda ya fara sayenta ne a jikin takardun har yanzu, don canjin suna kuɗi ne. Na biyu, takardar kwastan. Motoci nawa ne a Arewa suka shigo ta kan iyaka daga Kwatano ta ƙasar Nijar kafin a hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a Janairun 2017, da bayan hanin ma, waɗanda takardunsu ba za su jure bincike ba? Mai motar bai yi fasa-ƙwauri ba, a wurin dillali ya saya da guminsa, amma shi ne zai ɗauki laifin. Na uku, shekarun motar. In ta tsufa, ko irin wadda ba ta tafiya da sauri a kasuwa ce, sai a ce Allah ya ba da haƙuri.

Na huɗu, inshora. Ƙaramar inshorar dole, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida a Janairun 2023, ba ta isa ba. Sai babba, wadda ke biyan kuɗin motar in ta ƙone ko an sace ta, kuma hukumar inshora ta ƙasa ta ce kuɗin wannan ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Kai za ka biya, amma sunan mai rance za a rubuta a matsayin wanda za a fara biya. Na biyar, na'urar bin sawu da za a ɓoye a jikin motar, da kuɗinka, don su san inda ta kwana kowane dare. Na shida, makulli na biyu. Na bakwai, lambar BVN da ta shaidar ɗan ƙasa, da cek da ka sa wa hannu tun kafin ranarsa. Na takwas, mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka, zai fi kyau ma'aikatan Gwamnati.

Yanzu mai karatu, ka sake bin jerin nan da yatsa. A cikin guda takwas, nawa ne ke tambayar abin da ka ke samu a rana bayan ka sha mai, ka biya ƙungiya, ka sallami masu tsare hanya? Ko da an ce ka kawo bayanin ajiyarka na banki, ba a kansa a ke yanke yawan abin da za a ba ka ba, a kan kuɗin motar a ke yankewa. Takardar mallaka don a iya sayarwa ba gardama, takardar kwastan don mai saye kada ya ji tsoro, inshora don kada kayansu ya salwanta, na'ura don a same ta, makulli don a tashe ta. Mutumin da ke shirin karɓar kuɗinsa yakan tambayi cinikinka. Wanda ya fara da neman makullinka kuwa, ka san abin da ya ke shirin karɓa.

Wanda ya faɗi wannan jarrabawa fa, watau mafi yawanmu? Ba gida ya ke komawa ba, don buƙatar da ta fito da shi tana nan. Sai ya gangara wurin mai kuɗin lungu, wanda ba ya tambayar kwastan, ba ya tambayar inshora, amma ruwansa ya fi yawa, kuma waɗansunsu sukan sa ka sa hannu a takardar sayarwa wadda ba a rubuta kwanan wata ba. Ran da ka makara sai a cike gurbin, a ce ai tun tuni ka sayar. Gaba kura, baya sayaki.

MU YI LISSAFI

Ba za mu ambaci sunan kowa ba, misali kawai za mu yi, kowa ya gwada da takardar da ke hannunsa. A ce motarka za ta yi naira miliyan 4 a kasuwa. Mai kimantawa, wanda su suka kawo shi, zai ce in an sayar da gaggawa miliyan 3 za ta yi. Za a ba ka rabi, watau 1,500,000. Daga ciki a cire 150,000 na inshora, a cire a ce 50,000 na fom da na'ura. Abin da zai shiga hannunka 1,300,000. A ce ruwa kashi 8 cikin 100 a wata, na wata shida, kuma a kan dukan uwar kuɗin a ke lissafa shi kowane wata, ko ka rage ko ba ka rage ba. Ruwa 120,000 sau shida, 720,000 ke nan. Jimla 2,220,000, watau 370,000 kowane wata.

Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa hannu a kansa a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ashe biyan wata ɗaya ya fi albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci. Wace mota ce a hanyar Kaciya ke kawo wannan bayan mai da gyara da cefane?

Ka daure ka biya wata huɗu, ka ba da 1,480,000, ka riga ka mayar da fiye da abin da ya shiga hannunka. A wata na biyar injin ya buga, ko yaro ya kwanta ciwo. Saura 740,000 a ke binka. Da asuba sai ka fito ka ga wurin da ka ajiye mota wayam. Ko da a kan miliyan 3 ɗin da suka yanke aka sayar, ya kamata a mayar maka da 2,260,000. Ku tambayi waɗanda abin ya faɗa wa a unguwarku ko nawa aka mayar musu bayan an gama lissafin tara da kuɗin ja da kuɗin ajiya da kuɗin lauya.

Kada wani ya ce mugun zato ne mu ke yi. A Amurka, inda cinikin nan ya daɗe, hukumar Gwamnati mai kare masu cin bashi ta bincika, ta fid da rahoto a 2016. Ta samu cewa a cikin masu karɓar irin rancen da a ke biya gaba ɗaya a kan takardar mota, mutum ɗaya cikin biyar a ke ƙwace wa mota, fiye da huɗu cikin biyar na rancen kuma sai an sabunta su don mai shi ya kasa biya ranar da aka yanke, ruwan kuwa yakan kai kashi 300 cikin 100 a shekara. In haka ta faru a ƙasar da kotu ke aiki da sauri, me a ke tsammani a Sabon Tasha? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

MASU CEWA BA WANDA AKA TILASTA

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ba wanda aka ɗaure aka kai, kowa da ƙafarsa ya je. Za a ce mai rance ma yana cikin kasada, akwai masu kawo takardun jabu, akwai masu gudu da mota. Za a ce kuɗi na lalacewa, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, Babban Banki kansa ya ɗaga ma'aunin ruwansa zuwa 27.5 a Nuwambar 2024.

Duk mun ji, kuma ba mu ce kowane mai ba da rance ɓarawo ba ne, ba mu kuma ce mutum ya ba da kuɗinsa sadaka ba. Amma kashi 8 a wata shi ne 96 a shekara, tun ma ba a lissafa cewa uwar kuɗin na raguwa ruwan bai ragu ba. Daga 27.5 zuwa 96 akwai tafiya. Maganar kasada kuma, wanda ya riƙe takardunka, da makullinka, da cek ɗinka, da mutum biyu da suka tsaya maka, da inshorar da ka biya masa, a kan motar da ta ninka abin da ya ba ka kusan sau uku, wace kasada ce ta rage masa? An ce ruwa na da yawa don babu jingina. To ga jingina, me ya hana ruwa sauka? Ba a cin biyu, a riƙe kaya kuma a ci ruwan marar kaya.

Batun tilas kuwa, yunwa ba ta zuwa da ɗan sanda, amma ta fi shi iya tasa ƙeyar mutum. Kuma abin ya yi nauyi a bakin manya. A 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kowace kuɗinta ya haura naira miliyan 100. Ba mu ji an nemi ɗayansu ya kawo makulli na biyu ba.

Mutanen garin nan sun sha wuya a kan rabuwar addini, har kogi ya zama kamar iyaka tun daga rikicin 2000. Amma a wannan magana littattafan duka bakinsu ɗaya. Attaura ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, don da shi gidan ke ci. Malaman Musulunci, ban da haramcin riba, sun yi hukunci cewa abin jingina ba ya zama na mai bin bashi don kawai wa'adi ya wuce, sai dai a sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai shi da saura. Keken Bitrus na Unguwar Romi da bas ɗin Garba na Makera su ne dutsen niƙan zamanin nan, mai ƙwacewa kuwa ba ya tambayar wanda ke zuwa coci da wanda ke zuwa masallaci.

DOKA TANA NAN, WA YA GAYA WA TALAKA?

Abin takaici shi ne ba dokoki aka rasa ba. Dokar sayen kaya biya-kaɗan-kaɗan ta 1965 ta ce wanda ya sayi abin hawa ta wannan hanya, in ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai kaya ba shi da ikon raba shi da shi dungum sai ta hanyar kotu. Direbobin Keke nawa ne masu kai balas kowane mako suka san haka? A Mayun 2017 kuma Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabanci, ya sa hannu a dokar jinginar kayan da a ke iya ɗauka, wadda ta kafu a kan rajistar jingina ta ƙasa da Babban Banki ya buɗe a 2016. Dokar ta ce a ba mai cin bashi sanarwa kafin a ɗauke kayansa, in an sayar kuma a mayar masa da rarar kuɗi. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare masu sayen kaya, wadda a 2022 ta dira a kan masu ba da rance ta waya da ke tozarta mutane.

An ce da mu dokar 2017 za ta buɗe wa ƙaramin mutum ƙofar banki da ɗan abin da ya mallaka. Niyya mai kyau ce. Amma dokar da ke kwance a Abuja da Turanci, wanda aka yi dominsa bai taɓa jin labarinta ba, rijiya ce ta ba da ruwa guga ya hana.

ABIN DA MU KE NEMA

Saboda haka muna kira ga 'yan Majalisar Dokokin Jiha da ke zama a zauren Lugard, musamman wakilan Makera da Chikun, waɗanda suka san hanyar unguwanninmu lokacin neman ƙuri'a:

1. Duk mai ba da rance a kan abin hawa a Jihar Kaduna ya yi rajista, a buga sunayen masu rajista kowa ya gani.

2. Kafin a sa hannu, a ba mai karɓa takarda ɗaya tak, da Hausa da Turanci, mai nuna abin da zai shiga hannunsa, da jimlar abin da zai biya, da ruwan shekara. A bar shi ya tafi da ita gida ya kwana a kanta.

3. A wajabta wa mai rance ya duba abin da mutum ke samu, kada biyan wata ya wuce abin da cinikinsa zai ɗauka. Wanda ya ba da rancen da ya san ba za a iya biya ba, ya ɗauki rabonsa na asara.

4. Sa mutum hannu a takardar sayarwa marar kwanan wata ya zama laifi mai hukunci.

5. Kada a ɗauke abin hawan da mutum ke ci da shi sai da sanarwa a rubuce da wa'adi. In za a sayar, a yi gwanjo a fili a gaban mai shi, a ba shi sauran kuɗinsa da rasit.

6. A sauƙaƙe kuɗin canjin suna a takardun mota, don mai mota ya zama mai mota a idon doka.

Ku kuma 'yan'uwa direbobi da masu Keke, kafin Majalisa ta farka, ku tsare kanku. Kada ku tambayi nawa ne ruwa, ku tambayi nawa ne jimla. Kada ku sa hannu a takardar da ke da gurbi, kada ku fita sai da kwafinku. Ku karɓi rasit na kowane biya, ko na naira ɗari ne. Wanda zai tsaya wa wani ya sani bashin ya ɗauka a kansa, ba shaida ya je ba. Ƙungiyoyin tasha da ke karɓar kuɗinku kowace safiya kuma, ku tambaye su me ya hana a ware wani abu a yi asusun rance na 'yan ƙungiya, inda a ke auna mutum da halinsa da cinikinsa, tun da su ne suka san wanda ke fitowa aiki da wanda ba ya fitowa. Iyayenmu mata sun yi shekaru suna adashi a kasuwar Kakuri ba tare da na'urar bin sawu ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne mutum ya ci. Abin kunyar yana kan ƙasar da ta bar masaƙu suka mutu, ta hana babur, ta ɗaga mai, sa'an nan ta zuba ido a na zare wa mutum makullin da ya rage masa. Duk wanda aka ɗauke wa abin hawa ba sanarwa, ko aka sayar ba a mayar masa da saura ba, ya tattara takardunsa da rasit ɗinsa ya kai ƙara, ya kuma sanar da wannan jarida. Za mu ƙidaya su, mu kai lissafin gaban Majalisa, mu ga wanda zai tashi ya ce bai sani ba.